Ranar Baibayar Gidan Yamakoshi

Tun goma saura kwata Masuko Teraguchi take tsaye a tashar mota, wurin da ba ta taka shi sai da dalili mai ƙarfi. Nan ne motocin da ke tasowa daga Takayama zuwa Kanazawa suke juye baƙi, a ba su awa biyu ko uku su zaga ƙauyen, wata motar ta zo ta kwashe su. Ta san su ciki da waje. Su sauko suna miƙa, waya a hannu, su tattake wa mutum bakin fadama don hoto ya yi kyau, su leƙo taga kana tsakiyar cin abinci. Akwai wadda ta taɓa tare ta tana tambaya wai ƙarfe nawa ake tashi daga aiki a rufe garin, a zatonta hayar tsofaffin aka yi su zauna a gidajen. Masuko ta dube ta sama da ƙasa ta ce mata sai an mutu.

Yau kuwa ranar baibayar gidan Yamakoshi ce, kuma daga tashar ana jin amon mutane a kan jinka. Jinkar garin nan ba ta mutum ɗaya ba ce, ba ta mutum goma ba. Tsayinta ya kai bene uku, kaurin shucin ya kai ƙugun mutum, kuma dole a gama gefe guda a yini ɗaya kafin ruwa ya sauko. Sai gayya. Kowane gida ya ba da namiji ya hau, ranar da taka ta zo kowa ya hau maka. Gidan Teraguchi rabonsa da ya ba da namiji shekara goma sha tara ke nan, tun rasuwar mijinta. Masuko ba ta taɓa fashin gayya ba, tana dafawa, tana miƙa dami, amma ba wanda ke lissafa wannan a matsayin hawa.

Ga shi gefen arewa na jinkarta ya ruɓe. Gansakuka ta rufe shi, har wani ɗan itace ya tsiro a kai, kuma bokiti biyar ta jera a bene saboda yoyo. Da ta je wa Genroku, tsohon da ke jagorantar baibaya, ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya ce, "Masuko-san, ba wanda ya ce a'a, ba kuma wanda ya ce to. Ɗanki ya hau sau ɗaya, su gan shi da idonsu. Sauran ki bar mini."

Shi ya sa da ɗanta Noriaki ya bugo waya ya ce aiki zai kai shi Kanazawa kuma zai biyo ta gida daidai ranar, ba ta ce komai ba sai "to". Amma tana ajiye wayar ta ciro kayan aikin ubansa daga akwati, ta wanke, ta shanya, ta ɗinke hammatar rigar.

Motar goma da minti arba'in ta tsaya. Baƙi suka yi ta zubowa. Can sai ga Noriaki yana saukowa da baya-baya, akwati a kowane hannu, yana rusunawa ga wani da bai ma fito ba tukuna. Shekararsa arba'in da shida, ya yi tumbi, ya sa kwat mai ruwan toka da takalmin da ake ganin fuska a jikinsa. A wani kamfanin sayar da injin wanki yake aiki a Nagoya. Wanda ake wa rusunawar ya sauko a hankali, gajere, mai jan wuya, ya tsaya ya shaƙi iska da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Inna, ga maigidana, Ebihara-san, shugaban sashenmu," in ji Noriaki. "Ya daɗe yana so ya ga garin."

Masuko ta rusuna daidai gwargwado, ba ta ƙara ko kaɗan ba.

"Teraguchi, ashe daga cikin kalanda ka fito ba ka faɗa mana ba," in ji Ebihara yana waige-waige. "Inna, kun more. Ku nan ba ruwanku da wahalar duniya. Da ni ne, nan zan yi ritaya."

"Ka zo da hunturu," ta ce. "Akwai shebur na kwashe dusar ƙanƙara."

Ebihara ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tsofaffin ƙauye akwai barkwanci. Noriaki ma ya taya shi, yana satar kallon uwarsa.

A gida ta riga ta shimfiɗa kayan a gefen murhu: wando, riga mai shuɗin baba, takalmin aiki mai raba babban yatsa, da tawul na ɗaure kai. Noriaki ya ajiye kwalin alewar da ya saya a tasha, ya ga kayan, ya ɗauke kai kamar bai gani ba.

"Inna, motarmu fa ɗaya da minti ashirin ce."

"Awa biyu da rabi ke nan. Sun isa a gan ka."

"Ba wai na ƙi ba ne. Amma ga baƙo na zo da shi, kuma da yamma muna da taro, ba zan shiga gaban mutane ina warin hayaƙi ba. Ki bari wani zuwan, in na samu hutu…"

"Ka leƙa bene ka ga bokitai."

"Na sani, Inna."

"Ba ka sani ba. Ka leƙa."

Bai leƙa ba. Ya buɗe baki zai kawo wani uzurin, sai Ebihara, wanda yake ta ɗaukar hoton butar da ke rataye bisa murhu, ya juyo ya ɗaga rigar da yatsu biyu.

"Wannan taka ce? Kai, sa mana. Teraguchi a kan jinka! Ranar Litinin sai na nuna wa 'yan ofis."

Kafin a ce haka Noriaki ya tuɓe kwat. Masuko ta tsaya tana kallon ɗanta yana rawar jiki yana cusa tumbi a wandon ubansa. Abin da ta shekara goma sha tara tana jira, ga shi wani mai jan wuya ya samu da magana ɗaya, da wasa ma. Ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta haɗiye, don ba ruwan jinka da wanda ya sa aka hau ta.

A gidan Yamakoshi an riga an yaye tsohon shuci tun da safe, an fara jera sabo daga ƙasa. Mutum ya fi ɗari. Maza sun jeru a kan jinka layi-layi, mata da tsofaffi sun yi sahu daga inda aka tara shuci har gindin tsani, dami na bin hannu yana hawa. An ja igiya a bakin hanya, bayanta 'yan kallo sun yi cincirindo, kowa ya ɗaga waya sama.

Tatsuo, ɗan gidan, wanda suka yi aji ɗaya da Noriaki, shi ya fara hango shi.

"Wa nake gani kamar Nori mai kuka a kan tsani? Ku riƙe tsanin da kyau, jama'a, Nagoya ta ciyar da shi."

Aka yi dariya, amma dariyar maraba ce, Masuko ta san bambancin. Genroku ya sauko, ya kama hannun Noriaki ya juya tafin, ya dubi tumbin, ya saki.

"Ba za ka hau waje ba, kada mu kwashe ka a ƙasa. Shiga ciki ka karɓi basillar Tatsuo. Wurin ubanka ne."

Ba ƙaramin wuri ya ba shi ba. Shuci ba ya zama sai an ɗinke shi da azara. Na waje yana riƙe da basillar itace mai tsawon mutum, ya soka ta cikin kaurin shucin bai ga inda take zuwa ba. Na ciki, a cikin duhu da kunkunniya, shi ne idonsa: shi zai ce sama, ƙasa, hagu, har tsinin ya fito daidai gefen azara, ya zura igiya a kafar, a ja. Basilla takwas ke aiki a jere, kuma ba a ɗora sabon layi sai duk takwas ɗin sun ɗaure. Aikin ba ya fitowa a hoto, shi ya sa baƙi ba su san ana yin sa ba.

Masuko ta shiga sahun mata ta ci gaba da miƙa dami. Ba a jima ba ta ji muryar ɗanta daga cikin jinka, a shaƙe saboda kaurin shuci.

"Sama kaɗan. Dama. Nan, turo."

Matar da ke kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu. "Masuko-san, kin ji? Sak marigayi."

"Uban ya fi shi amo," in ji Masuko. Amma daɗi ya cika ta har damin ya daina yi mata nauyi, ta kuma ji haushin kanta da saurin jin daɗin. Layi ɗaya ya hau, na biyu ya hau. Genroku da ya zo wucewa ya dube ta ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Shi kuwa Ebihara yana ta shawagi. Ya tsallake igiya, aka mayar da shi. Ya zaro taba a gefen tarin shucin da aka shekara biyu ana yanka, wata tsohuwa ta daka masa tsawar da ta sa tabar ta faɗi daga bakinsa. Ya koma bayan igiya yana muzurai. Can sai ya lura cewa in ya tsaya a wani ɗan tudu, jinkar da mutanenta duk za su fito a bayansa. Akwai mutum hamsin a wurin da za su ɗauke shi hoto in ya roƙa. To amma shugaban sashe ba ya roƙon baƙo alhali yana da na ƙasa da shi a kusa. Masuko ta gan shi ya kara waya a kunne, ba ta kawo komai a ranta ba.

Tatsuo ya soka basilla.

"Yaya?"

Shiru.

"Nori, yaya? Sama ko ƙasa?"

Sauran bakwai sun ɗaure, suna jira. Masu taka shuci suka tsaya. Dami ya tsaya a hannun wanda yake hannunsa, tun daga kan jinka har ƙarshen sahu. Amon nan da ake ji har tasha ya mutu. Tatsuo ya sake kira, yanzu da tsoro a muryarsa, don mutum yana iya zamewa daga azara a cikin duhun nan. Sai wani daga can saman jinka ya nuna da hannu, kawuna ɗari suka juya.

Ga Noriaki can a bayan igiya, cikin 'yan kallo. Fuska duk kunkunniya, tawul a kai, rigar ubansa a jiki, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya da wayar maigidansa a hannu. Da yake gari ya yi tsit, kowa ya ji shi.

"Yallaɓai, ɗan matsa hagu. Yawwa. A ɗaga haɓa kaɗan."

Bai ma san an tsaya ba. Ya ɗauka, ya sake ɗauka, ya tashi ya nuna wa Ebihara, Ebihara ya ce a sake don idonsa a rufe yake. Wasu 'yan mata biyu daga motar suka ga ɗan ƙauye na gaske da baƙin fuska ya fito inda hannu zai kai gare shi, suka roƙi hoto. Ya tsaya tsakaninsu ya washe baki ya ɗaga yatsu biyu.

Ba wanda ya yi dariya a kan jinka. Da sun yi da ya fi sauƙi. Genroku ya dubi wurin na ɗan lokaci, ya juya baya, ya ce ba tare da ɗaga murya ba, "A sa wani."

Masuko ta san abin da kalmomin nan uku suke nufi ga bokitanta biyar. Ta dire damin da ke hannunta a ƙasa, abin da ba a yi, ta shige gidan Yamakoshi. Matakalar bene a gidajen nan tsaye take, sai da hannu da gwiwa. Ta hau ta fari, ta huta, ta hau ta biyu. Ta san irin duhun nan tun tana yarinya, lokacin da ake kiwon tsutsar siliki a cikin jinka, ita ke hawa da ganye sau huɗu a rana. Mace ba ta karɓar basilla. Ba wanda ya taɓa hanawa, ba dai wadda ta taɓa yi ne. Mazan da ke ciki suka bi ta da kallo har ta lalubo wurin da aka bari, ta ga tsinin itacen ya leƙo nesa da azara.

"Ƙasa, Tatsuo. Idona kake nema?"

Tatsuo ya ɗaga murya daga waje.

"Wa ke nan? Innar Nori?"

"Ƙasa na ce. Hagu. Nan."

Ta zura igiya, aka ja. Ta ji ƙafafu sun fara taka shuci a bisa kanta, ƙura da kunkunniya suka zubo mata a wuya, amon ya dawo.

Ta ɗaure wajen sau goma kafin ta ji nishi a matakala. Noriaki ne, ya zo ya tsuguna a bayanta.

"Inna, me ya kawo ki nan? Minti biyar fa kawai na yi. Maigida ne ya kira, ba yadda zan yi in ce masa a'a. Kin san yadda aiki yake."

"Dama kaɗan," ta ce da Tatsuo.

"Kawo in ƙarasa."

"Nan. Turo."

"Inna, magana nake yi. Dubi yadda kike haki. Wannan duk wahalar banza ce, gidan nan namu ya gama yayinsa. Ki zo Nagoya, akwai ɗaki, akwai asibiti kusa. Sau nawa zan faɗa?"

Ta zura igiyar, ta jira aka ja, sannan ta juyo. A ɗan hasken da ke shigowa ta taga ta ga ɗanta, ƙato, da furfura a gefen kai, yana satar kallon agogo. Ta nemi fushi a ranta ba ta samu ba. Raini ta samu, irin wanda take ji a tashar mota, kuma bai bambanta da wancan ba ko kaɗan.

"Ƙarfe ɗaya ta kusa," ta ce. "Ka ninke rigar ka ajiye inda ka same ta. Ka wanke fuska da kyau, kada a gane a wurin taro."

"Inna…"

Ta ɗan rusuna masa daga zaune, ta yi masa irin maganar da masu shaguna ke yi wa kowace mota in za ta tashi. "Mun gode da ziyara. A sauka lafiya."

Ya daɗe a tsugune. Wayar da ke aljihunsa ta yi ƙara, ya sauka.

Ba ta fito ba da aka tashi cin dunƙulen shinkafa, sai miƙo mata aka yi. Ta bi basilla daga bene na biyu zuwa na uku, inda wuri ya tsuke har mutum ba ya iya miƙewa. Ƙarfe biyar da wani abu aka ɗaure ƙolin jinka, aka yi sowa a waje. Sai da maza biyu suka riƙe ta wajen saukowa, don gwiwoyin sun ƙi lanƙwasuwa.

Tana zaune a bakin magudanar ruwa tana wanke hannu, ana ta shiga da kwalaben giyar shinkafa gidan Yamakoshi, Genroku ya zo ya zauna a kan dutsen da ke kusa da ita. Ya cire tawul ya goge wuya.

"Mun yi magana a sama," ya ce. "Gidan Teraguchi ya ba da mutum yau. Tatsuo ya ce bai taɓa shan zagi irin na yau ba, kuma bai taɓa ɗinki mai kyau haka ba. Baɗi, watan huɗu. Ba wanda ya ja."

Masuko ta ci gaba da cuɗa hannu. Kunkunniyar ta shige cikin tsagar fata, ba ta fita.

"Ba ki ji ba ne? Za a hau miki. Ni da kaina zan tsaya. Zan yi miki mai kauri, shekara talatin ba ki ga ɗigo ba."

"Talatin," ta ce.

"Ko fiye, in kina hura wuta kullum hayaƙi na busar da shuci."

Daga inda suke ana hango gidanta a ƙarshen fadama, da baƙin gefen nan nasa da ɗan itacen da ya tsiro a kai. Ta dube shi. Shekararta saba'in da huɗu. Tun da yoyon ya fara, tunaninta bai taɓa wuce ranar da mutum ɗari za su hau mata ba, sai yanzu da tsohon nan ya ambaci abin da ke bayan ranar.

"A'a," ta ce. "Ka turo mini mutum huɗu da kaka, su cusa sabon shuci inda ya ruɓe."

"Faci? Masuko-san, bayan duk wannan? Faci shekara biyar ne, shida in an yi sa'a."

"Ya isa."

"Yaron zai iya…"

"Ka gan shi, Genroku-san. Kai ka fara juya baya."

Tsohon ya dubi gidan nata. Ya ninke tawul ɗin, ya sake warware shi.

"Ka kai mutanenka gidan da ke da mai kwana a ƙarƙashi har shekara talatin ɗin," ta ce. "Kada a ɓata shucin shekara biyu."

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe da ƙyar. Daga cikin gidan Yamakoshi wata ta leƙo tana kiran a zo a taya rarraba kwanuka, Masuko ta yarfe ruwan hannunta ta nufi can.